Taɓarya Uku, Turmi Ɗaya

Lariba ta riga ta ɗora buhun soyayyar masara da kwanon gyaɗa a bayan motokin, babur ɗin nan mai ƙafa uku na ɗaukar kaya. Tana cikin ja wa direba kunne kada mai niƙa-niƙa ya haɗa mata da garin kowa, sai ga muryar mahaifinta daga ƙofar ɗakinsa, yana tambaya ina za a kai wannan ƙamshi.

Baba Sidiku ya daɗe da makancewa, amma hancinsa da kunnensa sun raba gadon idon tsakaninsu. Ta gaya masa kayan dakuwar bikin Nusrat ne, za a kai inji. Ya ce a sauke.

Nusrat ɗiyar ƙanen Lariba ce, marigayi Rahim, kuma a hannun Lariba ta tashi tun tana goye. Yanzu ta zama nas, za ta auri Mudasiru, mai gyaran waya a Yendi, wanda kuma ke ba da hayar lasifika a gidajen biki. An sa rana, Lahadin ƙarshe kafin azumi. Goro ya zaga Salaga, dangin ango sun kama mota guda cur. Baba Sidiku shi ne waliyyi, kuma ga shi yau ya ce ba zai taka masallaci ya ba da jikarsa ba sai an yi mata luguden gida.

Lariba ta san me yake nufi. A bakin tsofaffin gidan, kakan Baba madugu ne a zamanin fataucin goro. Duk ranar da ayarinsa zai tashi, mata uku ke tsayawa a kan turmi ɗaya su daka masa dakuwar guzuri, da wani bugu da ba a yin irinsa a wani gida. Ayari ya ƙare, lori ta gaje shi, sai al'adar ta koma kan 'yan matan gidan: wadda za ta tafi gidan miji ita ma matafiya ce, gwaggwanninta uku ke daka mata guzuri. Da niƙa-niƙa ta shigo unguwa, daka ya fara ja da baya. Da injin sakwara ya biyo ta, sai ya kwanta. Gidan kuma ya yi ta haihuwar maza, har kowa ya manta.

"Baba, wane zamani muke?" in ji Lariba.

"Zamanin da nake da rai," ya ce da ita.

Ta tuna masa ƙanwarta Zenabu tana takaba a Yendi, ba ta da ikon taka ko ƙofar gida. Autarsu Sahadatu kuma tana Bawku wurin 'yarta, wadda aka yi wa aiki aka ciro tagwaye, ba mai ɗaga ruwan wanka sai ita. Ya ce duk ya sani, Allah Ya raya tagwaye. Shi dai taɓarya uku yake son ji a turmi ɗaya. In ba a samu ba, a ɗaga bikin har bayan Sallah, ai amaryarsa ba gaggawar barinsa take ba.

Nusrat ta leƙo daga ɗaki ta ce kishi ne kawai ke cin tsohon, ya ga saurayi mai haƙora. Baba ya yi dariya har da tari, amma bai janye ba.

Lariba ta zaga bayan kicin ta tarar da babban turmin gidan a kishingiɗe, wata kaza ta mayar da shi ɗakin haihuwa. Taɓarya ɗaya tana tokare da ƙofar garken awaki. Ta wanke su, ta aro biyu a maƙwabta, ta shiga neman hannu. Nan ta ga iyakarta. Matan da suka san lugude kafaɗunsu sun gama aiki, masu kafaɗa kuma ba su taɓa yi ba. Ga wata matsala: luguden gidan hannu uku ne, kowace da nata. Lariba ita ce uwar bugu, mai riƙe tafiya. Zenabu ke shiga tsakani. Sahadatu ke rufewa, ta cilla taɓarya sama, ta tafa, ta cafe. Kowace nata kawai ta sani, sai sun haɗu yake zama abu guda.

Nusrat ce ta kawo shawarar kiran bidiyo. Kowace ta jawo turminta a garinta, a jingina waya, a yi tare, Baba ya ji. Suka ce bari a gwada tukuna, lokacin da tsohon ya tafi masallacin Juma'a.

Aka jingina waya a jikin bokiti. Ga Zenabu a Yendi cikin hijabinta, ga Sahadatu a Bawku da tsumman jarirai a kafaɗa. Lariba ta yi bisimilla ta saki taɓarya. Dum. Ta jira hannun Zenabu. Shiru. Ta sake ɗagawa, sai bugun Zenabu ya faɗo mata a tsakiyar nata. Na Sahadatu kuwa bai iso ba sai da aka wuce wurinsa da nisa, ya zo kamar baƙon da ya tarar an share wurin biki. Suka sake. Wannan karon hoton Sahadatu ya daskare, baki buɗe, taɓarya a sama ta ƙi saukowa.

Da hoton ya dawo, da faɗa ya dawo. Zenabu ta ce Sahadatu tun suna yara ba ta taɓa zuwa ko'ina a kan lokaci ba. Sahadatu ta rantse ita a daidai ta buga, Yaya Lariba ce tsufa ya sa take gudu don ta samu ta zauna. Lariba ta ce su biyun duka sun lalace a gidan miji. Sai da Nusrat ta sako Mudasiru cikin kiran. Ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya da ladabi, sannan ya yi bayani: ƙarar sai ta yi doguwar tafiya kafin ta isa kowace waya, kowace a daidai take a garinta, hanya ce ke cinye lokacin. Zenabu ta ce ta yarda da bayanin, amma duk da haka Sahadatu ta makara.

"Mma," Mudasiru ya ce da Lariba, "tare ba zai yiwu ba. Amma ɗaya bayan ɗaya zai yiwu."

Washegari ya iso Salaga a kan babur, ja wur da ƙurar hanya, da makirfo a naɗe cikin safa. Suka ɗauki turmin suka kai gidan wata ƙawar Lariba a can ƙarshen unguwa, don kada Baba ya ji. Ya ce Lariba ta yi nata hannun ita kaɗai, daga farko har ƙarshe, shi zai ɗauki ƙarar. Ta ji abin banbaraƙwai, kamar a ce mutum ya yi gaisuwa ba mai amsawa. Akuya ta ɓata na farko, mai tallar koko ta ɓata na biyu. A na ukun Lariba ta rufe ido ta ajiye ƙannenta a gefenta kamar da, tana barin musu gurbinsu. Da ta buɗe ido ta ga Mudasiru yana kaɗa kai yana bin bugun.

Daga nan bugun ya kama hanya. A Yendi, da yake namiji ba zai shiga wurin mai takaba ba, ƙanwarsa Suhaila ce ta shiga, ta toshe wa Zenabu kunne da abin sauraro don ta ji bugun Lariba, ta riƙe waya a bakin turmi. Zenabu ta sa aka maimaita har yarinyar ta daina jin hannunta, wai ba za ta bari a ji kuskurenta a Bawku ba. Aka tura wa Sahadatu ta waya. Ita kuma ta yi ta aiko da nata, wani da kukan Hassan, wani da kukan Husaini, wani da na duka biyun, har Allah Ya sa suka yi barci lokaci guda. Mudasiru ya jera ukun a kwamfuta ya ɗinke.

Lariba tana tsintar shinkafa saƙon ya shigo. Ta kara wayar a kunne, ta rage murya. Dum, ta, tas. Ga nata, ga na Zenabu ya shige tsakani ba ko goga, ga tafin Sahadatu. Rabonta da jin wannan tun gashinta baƙi ne. Ta saurara har ƙarshe, ta sake, kaji suka yi bikinsu a tiren shinkafa ba ta sani ba.

A nan dabarar ta canza a ranta. Da niyyarta ta kai wa Baba wayar ta roƙe shi ya karɓi wannan. To in ya ƙi fa? Sai ta ce da kanta, ai ji ya ce yana son yi, bai ce gani ba, kuma da wane idon? A ɓoye lasifika kusa da turmi, ita ta daka nata da gaske don ƙamshi ya tashi, ƙannenta su fito ta inji. Mudasiru ya sosa ƙeya ya ce yana jin nauyin fara surukuta da haka. Ta tambaye shi ko ya fi son jira har bayan Sallah. Ya ce wace lasifika take so, babba ko ƙarama.

Abin da ba su lissafa da shi ba shi ne Sahadatu. Daɗin tafinta ya ɗebe ta, ta jefa bugun a zauren dangi na waya, da gargaɗin kada kowa ya tura wa kowa. Kafin la'asar ya isa Kumasi. Wani ya ƙara masa sauri ya sa masa ganga. 'Yan mata a bakin famfo suna buga shi a gindin bokiti, ƙawayen amarya sun ƙirƙiro masa rawa, ita kanta Nusrat da shi take wanke-wanke, tana cilla ludayi sama tana tafawa. Lariba ta kafa doka: wayar da ta yi ƙara a tsakar gida, rijiya za ta. Ta kuma ƙure wa Baba rediyonsa tun daga safe, har ya tambaya ko ita ce ta kurumce.

Ranar Lahadi da hantsi gida ya cika. Motar Yendi ta iso, maza sun wuce masallaci, liman ya aiko a ce ana jiran waliyyi. An girke turmi a tsakar gida. Lasifika tana ƙarƙashin kwando an lulluɓe da zane. Ango kuwa, cikin farar shaddarsa, yana tsugune a bayan kicin tsakanin itace da buhun gawayi, da kwamfuta a cinya.

Baba Sidiku ya sa aka fito masa da kujerarsa ƙofar ɗaki. Ya tuɓe takalma ya ajiye ƙafafu a ƙasa. Ya tambaya ko Zenabu da Sahadatu sun iso.

"Za ka ji su, Baba," in ji Lariba, ba ta yarda ta dubi fuskarsa ba.

Ta ɗaura ɗamara, ta zuba masara da gyaɗa da citta da barkono, ta yi wa bayan kicin inkiya. Dum. Ta. Tas. Ya hau daidai. Matan Yendi suka matso, wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Lariba ta saci kallon mahaifinta, ta ga leɓensa na motsi, yana murmushi. Yana kiran sunaye a hankali: wannan Zenabu ce, har yanzu tana danne hannun hagu. Ga 'yar autata, ga tafinta nan. Zuciyar Lariba ta yi fari. Ta kai ƙarshe ta dire taɓarya, tana haki.

Baba ya bari guɗa ta lafa.

"Kunnena ya ji uku," ya ce. "Ƙafata ta ji ɗaya."

Ya ce lugude ta ƙasa yake fara isowa, mutum yana ɗaki zai ji shi a tafin ƙafa kafin ya shiga kunne. Yau mace ɗaya ce tsaye a ƙasarsa, sauran biyun a iska suke. Sannan ya juya fuska wajen kicin ya ce ango ya fito, turarensa ya fi ƙarfin gawayi.

Mudasiru ya fito da baƙin gawayi a gwiwar wando, ya durƙusa. Lariba ma ta durƙusa, kunya kamar ta shige turmin. Ta jira faɗa. Maimakon haka tsohon ya tambayi yaron yadda aka yi ya ɗebo hannun Sahadatu daga Bawku ya kawo Salaga bai zube a hanya ba. Mudasiru ya yi bayani yana in-ina. Baba ya jinjina kai ya ce wannan aiki ne, Allah Ya yi albarka, ya ji 'ya'yansa kuma ya gode.

Lariba ta fara miƙewa da murna.

"Amma ƙara ba ta daka dakuwa," ya ce. "Duba turminki."

Ta duba. Gyaɗa ta farfashe, masara ko rabi ba ta yi ba. Aka sake aikowa daga masallaci, wai kawun ango yana tambaya ko lafiya. Lariba ta dubi matan da ke tsaye, kowace ta kawar da kai. Ta fara shirya kalmomin da za ta fita ta gaya wa mota guda ta baƙi.

Sai labulen ɗakin amarya ya ɗaga. Nusrat ta fito da lallenta har gwiwar hannu, ta tuɓe mayafi ta ɗaure a ƙugu, ta ɗauki taɓarya. Ta ce hannun Gwaggo Sahadatu ya zauna mata a ka, ko a barci aka tashe ta za ta yi. Ta waiga cikin 'yan Yendi ta kira Suhaila. Suhaila ta ce ita dai ta riƙe wa Mma Zenabu waya har ta haddace, amma ba ta taɓa daka ko daddawa ba.

Tsofaffin mata suka ɗauki surutu. Amarya ta daka guzurinta da kanta? Ga kuma 'yar gidan ango a kan luguden gidan amarya? Lariba ta dubi Baba.

"Ni uku na ce," in ji shi. "Ban kira suna ba."

Karon farko taɓaryar Suhaila ta gwabza ta Lariba, ƙarar ta sa jarirai kuka. Karo na biyu Nusrat ta cilla tata sama, ta tafa da kyau, ta manta da cafewa. Taɓarya ta sauka a kan kwando, lasifika ta yi wani gurnani, mata suka watse suna dariya. Baba ya ce a miƙo masa sandarsa. Ya fara buga ƙasa da ita a hankali, yana ba su tafiya. Lariba ta bi sandar. Suhaila ta ciji leɓe ta faɗa gurbinta. Nusrat ta rufe.

Dum, ta, tas. Dum, ta, tas.

Ya kama. Lariba ta ji shi a ƙafarta ita ma, ƙasa tana amsawa. Sai dai kunnen yaran ya fi sabawa da mai saurin nan, wanda aka sa wa ganga. Suna samun hannu suka fara ja. Sandar Baba ta bi su, ta bi su, ta haƙura. Lariba ta so ta riƙe su, ina. Ƙawayen amarya sun riga sun shigo fili da rawarsu, wayoyi sun tashi sama, dokar rijiya ta mutu. Zufa ta wanke mata fuska, kafaɗunta suna kiran sunan Allah, amma ta rantse ba yaran da za su ajiye ta a tsakar gidan ubanta. Ta bi su har ƙamshin citta da gyaɗa ya cika gidan, dakuwa ta fara kama jikin turmi tana naso.

Aka dunƙula ta farko aka sa wa Baba a hannu. Ya murza, ya sunsuna, ya gutsura da sauran haƙoransa. Kowa ya zuba masa ido. Ya ce barkono ya yi kaɗan. Luguden kuma ba na gidan nan ba ne sak, wannan na ayarin da zaki ya biyo ne. Ya tauna ya haɗiye.

"A ba ni takalmana da babbar riga."

Guɗa ta tashi har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Ya ƙi hannun kowa sai na Mudasiru, ya ce wanda zai raba shi da amaryarsa shi zai ja shi. Suna fita Lariba ta ji yana tambayar yaron ko za a iya zuba masa waccan ta 'ya'yansa a cikin rediyonsa, mara saurin, ba ta yaran zamani ba.

Ta kifa bokiti ta zauna. Hannayenta sun ƙi ɗaguwa, ko ɗankwalinta da ya zame ta kasa gyarawa. Wayarta ta yi ƙara a cinya, Sahadatu ce. Suhaila ta danna mata ta kara mata a kunne. Ko sallama babu, Sahadatu ta tambaya ko Baba ya yabi tafinta, kuma me ya ce game da na Zenabu. Lariba ta ce ta yi shiru tukuna, ta saurara. Daga lasifikar masallaci, muryar liman ta taso a kan rufin unguwa, yana cewa a yi Fatiha.